Farin Dutsen Don Ottavio

Wanda bai san Don Ottavio Scardicchio ba bai san Roccasalina ba, gara ya koma inda ya fito ya sake shiri. Shi ne magajin garinmu karo na uku, shi ne fitilarmu, shi ne inuwar da muke sha ko babu rana. Allah ya yi masa baiwar da bai yi wa kowa ba a duk gaɓar tekun nan. Yana iya yin magana awa guda cur, a tafa masa, a watse, a rasa mutum ɗaya da zai ce ga abin da ya faɗa. Tsofaffi sun ce ranar aurensa, da limamin coci ya tambaye shi ko ya amince da amarya, cewa ya yi ya amince bisa manufa, sauran bayani sai kwamiti ya zauna.

Sauran magadan gari suna rataya ɗamarar nan mai launi uku na tutar ƙasa ne ranar ɗaurin aure ko ranar tunawa da mazan jiya. Namu da ita yake zuwa aski. Shi ya sa masunta ke kiransa Mai Ɗamara. Mu kuwa tsofaffin 'yan hagu da ke buga kati a ɗakin taron ma'aikata, Sarkin Sharaɗi muke ce masa, don bai taɓa furta "to" ba tare da "amma" ta biyo ta da gudu ba. Jarumi ne kuma. Ba ya tsoron kowa, ba ya tsoron komai, in ka ɗebe lamba sha bakwai. Kowa a nan yana kaffa-kaffa da ita, ni ma ba na fara sabon aiki ran sha bakwai ga wata, amma nasa ya wuce na kowa. A ofishin magajin gari daga ɗaki na sha shida sai na sha takwas. In aka ambaci lambar a gabansa, za ka ga hannunsa a aljihu yana murza ɗan jan ƙahon nan da muke riƙewa don maganin mugun baki.

Ni ne Saverio, mai sassaƙa dutsen kabari. Shekara arba'in da ɗaya ina rubuta wa mutanen garin nan kyawawan halayen da ba su da su, saboda haka in na yabi mutum a yarda da ni, sana'ata ce.

A kakar da manyan ƙasashe suka shiga layi suna amincewa da ƙasar Falasɗinu ɗaya bayan ɗaya, Don Ottavio ya kasa cin taliyarsa. Zaɓe saura wata shida. Ya duba hagu, ya ga matasa da ma'aikatan tashar jiragen ruwa sun cika titi da tutoci. Ya duba dama, ya ga kansiloli uku da ke riƙe masa ƙafafun kujera, waɗanda ganin baƙo ke sa musu ƙaiƙayi. Mai ƙaramar ƙwaƙwalwa da ya zaɓi ɓangare ɗaya. Namu ya gyara ɗamara ya fito baranda.

"Mutanen Roccasalina," in ji shi, "tarihi ya ƙwanƙwasa ƙofa, kuma ni ya tarar a bakin ƙofar. Landan ta yi magana. Faris ta yi magana. Duniya ta yi tsit tana jiran ta bakinmu. To ga ta nan. Garin nan zai amince da ƙasar Falasɗinu, amincewa cikakkiya wadda babu shakka a cikinta, da zarar yanayi ya ba da dama."

Mutum goma sha ɗaya ne a dandalin, huɗu daga cikinsu mota suke jira. Amma akwai Donna Titina Lorusso. Shekararta saba'in da tara, talatin daga ciki a masana'antar taba ta yi su, kuma duk yajin aikin da aka yi a can ita ce a gaba. Ta san magajin garinmu tun yana gajeren wando da majina, don haka ba ta wahalar da bakinta da "Don".

"Ottà," ta ce daga ƙasa, "motocin surukinka fa, masu kai akwatunan nan babbar tasha? Waɗanda ma'aikata suka ƙi lodawa a jirgi don sun san makamai ne a ciki? Su ma za su amince?"

"Donna Titina, waccan harkar kasuwanci ce. Ni siyasa nake yi."

"Na gani. Gyara ɗamarar, ta karkace."

Abin da ke ƙona mana rai ke nan, mu da muka tsufa da tuta a hannu. Shekara biyu ana rushe gidaje a kan mutane a Gaza, manya ba su tsayar da akwati ɗaya ba. Sai da aka ci rabin mutanen sannan aka taho da takardar shaida, ana gyara kwala, ana jiran a tafa. Ihu bayan hari ma ya fi wannan mutunci, don mai ihu ba shi ya sayar wa mahara kibiya ba. Na faɗi haka a ɗakin taro na kuma faɗa, har abokan katina suka fara cewa in yi wasa ko in tashi.

Falasɗinun da muke da ita a Roccasalina kuwa mutum huɗu ce: Munzir al-Hallak, matarsa, da 'ya'yansu mata biyu. A Gaza mai haɗa magani ne. A nan burodin zaitun da tumatir yake gasawa, kuma ya fi duk wanda aka haifa a garin iyawa, abin da ba mu yafe masa ba har yau. Mahaifiyarsa, Ummu Munzir, tana Alƙahira a ɗakin aro da ciwon ƙoda. Ya haɗa duk takardun kawo ta, saura guda: shaidar cewa gidansa zai ɗauki mutum na biyar. Mai awon gari ne zai auna, magajin gari ya sa hannu. In takardar ba ta isa ofishin lardi kafin sha biyun ranar Juma'a ba, an rufe fayil, a koma farko, shekara guda ke nan. Likitan can bai yi wa tsohuwar alkawarin shekara ba.

Mai awon namu Cosimo ne, siriri mai sanƙo, wanda in ka yi masa sallama da ƙarfi sai ya ba ka haƙuri. Ya auna gidan. Ya sake aunawa, har da bayan firji. Ya ɗago kamar zai yi kuka ya ce gidan ya gaza da mita ɗaya da rabi.

Bango ɗaya ne tsakanin gidan Munzir da na Donna Titina, kuma a bayan bangon ɗakin ajiyarta yake, inda take jera kwalaben miyar tumatir ta shekara. Ranar Lahadi da hantsi ta leƙo shagona.

"Mastro Saverio, ɗauko gudumarka."

"Wa ya mutu?"

"Bango."

Muka rushe shi, ni da Munzir, muka gina sabo taku biyu a cikin gidanta. Kwalabe suka koma ƙarƙashin gadonta, waɗanda suka rage suka zo shagona suka zauna tsakanin duwatsun kabari. Cosimo ya dawo da ma'auninsa, ya ce yanzu har an yi rarar tafin hannu. A iya sanina wannan ce ƙasa ta farko da wani a nahiyar nan ya ba Falasɗinu da gaske, kuma ba a kira ɗan jarida ko ɗaya ba.

Saura sa hannu. Ran Litinin Munzir ya sa farar riga ya hau ofishin magajin gari. An karɓe shi kamar sarki. Don Ottavio ya rungume shi, ya sumbace shi kunci biyu, ya sa aka ɗauki hoto sau uku don na farko ɗamarar ba ta fito ba.

"Ɗan'uwana Mansur."

"Munzir, ranka ya daɗe."

"Shi nake nufi. Ran Juma'a ƙarfe sha ɗaya za mu yi bikin amincewa. Kai za ka tsaya a damana. Ka zo da rawanin nan naku mai zane."

Munzir ya miƙa takardar. Don Ottavio ya dube ta daga nesa, ya mai da hannuwansa baya.

"Ka fahimce ni, ɗan'uwa. Ni da ƙasa nake magana, ba da ɗaiɗaikun mutane ba. In na sa wa mahaifiyarka hannu yau, gobe kowa ya kawo tasa uwar. Ka bari a gama biki, kwamiti zai duba."

Kwamitin shi ne kansilolin nan uku masu ƙaiƙayi, kuma ba sa zama sai ƙarshen wata. Munzir ya koma ran Talata, ya koma ran Laraba. Kullum ana ce masa Mai Girma ya fita aikin Falasɗinu.

Ba ƙarya aka yi masa ba. Mai Girma yana shagona. Amincewar da ba a rubuta a dutse ba iska ce, in ji shi, don haka ya zaɓi farin dutsen da na ajiye wa matar likita, wadda ta ƙi mutuwa shekara uku ke nan. Na gaya masa dutse ba takarda ba ne, abin da aka sassaƙa ya zauna. Ya ce shi ya sa ya zo wurina.

Muka fara daga sama. Sunansa da muƙamansa suka ci layi uku, da manyan haruffa. Sai layi na huɗu: "Garin Roccasalina ya amince da". Na ɗora kurfi zan ci gaba, ya riƙe hannuna.

"Bar wurin tukuna. Ina jiran waya daga jam'iyya a Roma. Ba a tsai da ko 'ƙasa' za a ce ba, ko 'al'umma', ko 'buri'. Tsallaka ƙasa ka sa sharuɗɗa."

Kowace safiya da sabon sharaɗinsa, yana zuwa da shi da zafinsa kamar burodi. Da sharaɗin an sami zaman lafiya. Da sharaɗin maƙwabta sun yarda. Da sharaɗin shugabanninsu sun zama irin waɗanda muke so. Da sharaɗin abin ba zai shafi kasuwanci ba. A can ƙasa ya ce a sa ranar da majalisar gari ta zauna da ranar biki, na sa su da ɗan layi a tsakani yadda na saba. Ya ce a yi ado a gefe, na zana rassan zaitun, don ni ado ɗaya na iya. Ya ce yana son haske a kai, na ɗauko 'yar fitilar da nake da ita, irin wadda ba ta mutuwa. Ya kawo hotonsa yana murmushi ya ce a nemo masa wuri, na sa aka gasa shi a farin tangaran mai siffar ƙwai. Ba ni da wata siffar.

Ran Alhamis Roma ba ta bugo ba. Don Ottavio ya tsaya gaban dutsen ya daɗe yana kallon gurbin da ke tsakiya.

"Wurin nan ya yi fili da yawa, Mastro Saverio. Gwada hoton mu gani."

Na gwada. Ya zauna daram, kamar don shi aka bar wurin.

"To sunan ƙasar fa, Don Ottavio?"

"Kowa ya san wa ake nufi."

Na buɗe baki zan gaya masa abin da dutsen ya zama, wato dutsen kabari sak. Na tuna wata tsohuwa a ɗakin aro a Alƙahira, na rufe bakina na ɗauko siminti.

Da la'asar muka haɗu a ɗakin taron ma'aikata. Munzir ya zauna da takardar a cinyarsa, duk gefenta ya yi laushi don riƙo. Donna Titina ta ce gobe za ta hau dandamali ta shaƙe Ottà da ɗamararsa har sai ya sa hannu. Na ce ɗamarar za ta tsinke, ta kanti ce. Sai muka ji wata 'yar murya daga lungu. Cosimo ne, wanda shekara ashirin yana zuwa ɗakin nan bai taɓa neman izinin magana ba.

"Ni aka sa in buga takardun amincewar da zai sa wa hannu gaban jama'a. Ya ce in buga da yawa."

"Nawa?" in ji Donna Titina.

"Bai faɗi adadi ba." Kunnuwansa suka yi ja. "Munzir, ara mini takardarka zuwa gobe."

Donna Titina ta tashi ta sumbaci sanƙonsa.

Ran Juma'a dandali ya cika, don an ce za a raba burodi. 'Yan badujalar gari ba su sami taken Falasɗinu ba, sai suka busa abin da suka fi iyawa, wato kiɗan nan mai nauyi da suke bin gawa da shi. An rufe dutsen da tuta a jikin bangon ofis. An shimfiɗa koren ƙyalle a tebur, an ajiye alƙalamin zinariya. Munzir na tsaye a dama da rawaninsa, idonsa na kan agogon hasumiya.

Sha ɗaya da minti biyar Sarkin Sharaɗi ya fara.

"Yau na ba wata al'umma ƙasa," in ji shi. "Ban ce a gode mini ba. Kakannina ma haka suke, kyauta a jininmu take. Wasu za su ce me ya sa sai yanzu. Ina ce musu, gaggawa aikin shaiɗan. Wasu za su ce ina iyakokin ƙasar. Ina ce musu, zuciyata ba ta da iyaka. Wasu za su ce me zai canza gobe. Ina tabbatar wa kowa, na hagu da na dama, babu abin da zai canza."

Nan kansilolin uku suka tafa da gaske. Sha ɗaya da rabi ya shiga tarihin Rumawa. Sha biyu saura kwata ya fito daga ciki da ƙyar, ya zauna, ya cire murfin alƙalami. Cosimo na miƙo takardu, shi yana sa hannu yana ƙirgawa da ƙarfi, don yana son jin muryarsa ko da lissafi ne. Ɗaya ta Roma. Biyu ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Ta makarantar firamare, ta ɗakin karatu, ta ƙungiyar masunta, ta surukinsa. Sha huɗu. Sha biyar. Sha shida.

Alƙalami ya tsaya a sama. Takarda ɗaya ta rage a tebur, mai kauri, mai zinariya a gefe, wadda za a sa a gilashi a rataye a ofishinsa.

"Cosimo. Nawa ka buga?"

"Sha bakwai, ranka ya daɗe."

Na sha ganin gawa, ban taɓa ganin fuska ta yi fari da sauri haka ba. Hannun hagu ya faɗa aljihu. In ya bar takardar, ba abin ratayawa a ofis. In ya sa hannu, ya tsaya a sha bakwai, ran Juma'a, zaɓe na tafe. Mai ɗaukar hoton jaridar lardi ya matso.

"Kawo wata a cika sha takwas," ya ce ƙasa-ƙasa.

"Babu saura, ranka ya daɗe."

"Kowace iri ce. Ko ta naɗe kifi ce, miƙo."

Cosimo ya buɗe jakarsa a hankali ya zaro wata takarda mai laushin gefe. Don Ottavio ya sa hannu a ta sha bakwai da ta sha takwas cikin numfashi ɗaya, ya buga hatimi, ya ce "Sha takwas" da ƙarfi don sama ta ji. Sha biyu saura minti tara. Cosimo, wanda ba a taɓa ganin ya yi sauri ba ko ana ruwa, ya haye matakalar ofis bibbiyu don ya tura ta lardi ta na'ura. Saura minti uku ya leƙo ta taga yana kaɗa ma'auninsa.

Munzir ya zauna a bakin dandamali ya rufe fuska da rawani, kafaɗunsa na rawa. Don Ottavio ya nuna shi da alƙalami.

"Ku dubi yadda amincewata ta taɓa zuciyarsa."

Aka ja tuta. Jama'a suka karanta: garin Roccasalina ya amince da, sai ga fuskar Don Ottavio tana murmushi a cikin ƙwai, ga rassan zaitun, ga ranaku biyu da layi a tsakani, ga fitila na ci. Wani tsoho ya cire hula. Mata biyu suka yi alamar gicciye. Dariya ta fara daga wajen masunta, ta bi dandalin kamar wutar kara, har mai busa babban ƙaho ya ajiye shi ya riƙe ciki. Mai Ɗamara ya rusuna sau uku. Bai taɓa ganin jama'arsa cikin farin ciki irin wannan ba.

Da kansilolinsa suka gano abin da ya sa wa hannu, kwana biyu yana rantsuwa an yaudare shi. A na uku jaridar lardi ta yaba masa, sai ya tuna ashe tun farko shirinsa ne. Saboda haka ranar da Ummu Munzir ta iso, bayan sati shida, ya ce a gaban dutsen za a tarbe ta. Ya sa aka jingina babban kambun ganye da furanni a ƙarƙashi, ya tsaya a gefe da ɗamara.

'Yar ƙaramar tsohuwa ce da baƙar riga mai jan surfani, tana dafe da hannun ɗanta. Ba ta jin yarenmu, ba ta karanta rubutunmu. Ta dubi dutsen, ta dubi furanni, ta dubi fitila. Ta saki hannun ɗanta, ta ɗaga tafukanta ta fara addu'a.

"Yamma," in ji Munzir a hankali, wato "Mama" da yarensu, yana jan hannun rigar uwarsa. Ba ta kula shi ba.

"Me take cewa?" in ji Don Ottavio, ya tura masa abin magana. "Fassara, jama'a su ji."

"Ranka ya daɗe, a bar shi kawai."

"Fassara."

Munzir ya matso kusa da abin maganar. "Ta ce Allah ya ji ƙansa. Ta ce da ganin hoton mutum ne mai ƙoshin lafiya, me ya same shi?"

Tsohuwar ta juyo ta ga magajin gari. Ta dubi hoton, ta sake dubansa, ta kama hannunsa da hannayenta biyu tana magana.

"Ta ce kai ɗan'uwansa ne, ko? Kun yi kama. Ta ce ka yi haƙuri." Muryar Munzir ta sauka. "Ta ce ku gode wa Allah, naku ya sami dutse da suna da fitila. Ita ta baro mijinta da 'yarta da jikoki uku, ba ta san inda za ta tsaya ta yi wa ko ɗayansu addu'a ba."

Wannan karon ba wanda ya yi dariya. Ni da na ci abinci da kaburbura shekara arba'in da ɗaya, kunya ce ta kama ni har na rasa inda zan sa idona. Don Ottavio ya buɗe baki, ya nemi "amma" sama da ƙasa, bai same ta ba.

Donna Titina ta kutsa ta ture shi da gwiwar hannu, ta kama tsohuwar.

"Zo mu tafi, 'yar'uwa, taliya za ta huce. Ɗakin yana warin tumatir, amma naki ne. Ba sharaɗi."

Dutsen yana nan a bangon ofis. Motocin surukin suna nan suna kai akwatuna. Tun ranar ba a rasa fure a ƙarƙashin hoton, masunta ne ke ajiyewa in sun dawo daga teku, wasu har da cire hula. Don Ottavio ya ce wannan alama ce ta ƙaunar da jama'a ke yi masa, kuma ni ba zan musa wa babban mutum ba. Na dai ji daɗin abu ɗaya. Ranar da ta Allah ta kasance, aikinsa a gama yake, ƙusa huɗu kawai zan kwance.